Kason da Apple da Google ke cira a cinikin manhaja

Malam, tambayarka ita ce wai dole ne sai an yanke maka kashi 30 cikin 100 in ka sayar da abu a cikin manhajarka, ko akwai hanyar kaucewa. To gaskiya ba kowa ake cire wa 30 ba. Tun 2021 Apple na karɓar kashi 15 daga wanda cinikinsa bai wuce dala miliyan 1 a shekara ba, Google ma a 2021 ta mayar da nata 15 a kan miliyan ɗin farko. Amma fa wannan ragin sai ka nema da kanka, ba ya zuwa haka kawai, nan ne mutane da yawa ke yin asara ba su sani ba. Kuma kason ya shafi kayan dijital ne kamar rajistar wata-wata ko kuɗin cikin wasa, in takalmi ko abinci kake sayarwa ba ruwansu.

Ni abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne, ikon ne, domin su ke da shagon da ake sauke manhajoji su ke da doka, in suka cire ka shi kenan. Haka aka yi wa wasan Fortnite a 2020 da masu shi, kamfanin Epic Games, suka sa hanyar biyansu a ciki. Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple ƙyale wasu shagunan manhaja su yi aiki a wayoyin iPhone a 2024, amma wannan dokar ta can ce, kar ka ɗauka ta shafi kowa ka saka mahaɗin biya na waje a rufe maka asusu. Kafin ka taɓa tsarin biya ko batun haraji, ka samu lauya ko akanta ya duba maka ƙa'idar ƙasar da masu sayenka suke.