Ku Tambaya Mu Amsa: Abin da ke Ciwuwa a Kasuwar Abinci ta Indonesiya

Tun da na yi maganar zaman da na yi a tsibirin Jawa, wasiƙu suka karkata can. Na zaɓi huɗu a wannan makon, sauran su yi haƙuri.

Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano: Shekara shida ke nan ina zuwa kasuwar Tanah Abang ta Jakarta sarin yadi da atamfa, kuma kullum hannu rabbana nake tafiya. Na lura mutanen nan na son abin sha mai zaƙi. In na haɗa zoɓo a kwalba na kai, zai karɓu? Kilishi fa?

Alhaji, idonka bai yi maka ƙarya ba. Ranar da na fara neman shayi a wata rumfar abinci a Yogyakarta, sai aka dire mini kofin gilashi cike da ƙanƙara, sukari kwance a ƙasa kamar yashi a gindin randa. Ban ce a sa ba, kuma ba a tambaye ni ba. A can in kana son shayi babu sukari, kai ne za ka faɗa, ka ce tawar. Shayin kwalba na Teh Botol Sosro ya fi shekara 50 a kasuwa, Teh Pucuk Harum na kamfanin Mayora ya shigo a 2011 ya yi masa kishiya, kuma duk firjin kantin da ka buɗe za ka tarar da su.

Sai dai son zaƙi kaɗai ba ya sayar da kaya. Dubi waɗanda suka ci kasuwar a shekarun nan. Kopi Kenangan ya buɗe a Jakarta a 2017 da abu guda: gahawa da madara da ƙanƙara, a zuba mata gula aren, wato baƙin sukarin da ake dafawa daga ruwan wata bishiya dangin giginya. Ɗanɗanon da kowa ya sani tun yana yaro ne, farashin kuma bai kai rabin na Starbucks ba. Zuwa ƙarshen 2021 darajar kamfanin ta haura dala biliyan 1. Mixue na ƙasar Sin ya fara a Bandung a 2020 da askirim na rufiya 8,000, kuɗin ƙasar, cikin ƴan shekaru ya cika unguwanni, har ana barkwanci cewa duk shagon da ya kwana babu haya, gobe zai wayi gari Mixue. Ƙasa da waɗannan kuma akwai masu yawo a keke da fulas ɗin ruwan zafi da jerin ƙananan ledojin Kapal Api, suna haɗa wa direbobi da masu gadi gahawa a bakin titi. Ɗan Indonesiya yana sayen abu kaɗan-kaɗan, mai sauƙin kuɗi, wanda ke kusa da ƙofarsa, kuma wanda harshensa ya saba da shi. Kwalbar da ta tsallako teku daga Legas ta faɗi jarrabawa uku daga cikin huɗun nan tun kafin a sauke ta.

Ga kuma takardu. Duk abin ci ko sha da aka rufe a leda ko kwalba sai ya samu lambar hukumar BPOM, wadda ita ce kamar NAFDAC ɗinsu: MD ga na cikin gida, ML ga wanda aka shigo da shi. Ba kai za ka nema ba, sai kamfanin can da ya tsaya maka. Bayan wannan ga takardar halal. Manyan jerin kantuna biyu, Indomaret da Alfamart, kowannensu na da rassa sama da 20,000, kuma ba za su ɗora kayanka a kanta ba in babu waɗannan.

Shawarata, ka bar ruwan a gida, ka ɗauki busasshen zoɓo. Sun san shi, rosela suke ce masa, suna shan sa a matsayin shayin gyaran jiki, ba abin kashe ƙishi na kullum ba. Kasuwarsa ƙarama ce amma tana nan. A tafiya ta gaba ka riƙe kilo biyu ko uku na mai duhu, tsintacce, babu yashi, tare da takardar lafiyar tsirrai daga hukumar killace kayan gona ta Najeriya, ka nuna wa masu haɗa shayi ka ji farashinsu kafin ka yi zancen kwantena. Kilishi kuwa ka cire shi daga lissafi. Suna da nasu, dendeng, kuma nama ba ya wuce jami'an killace dabbobi a filin jirgin Soekarno-Hatta babu izini. Asarar kuɗi da ɓacin rai kawai za ka saya.

Daga wata uwa a Zariya: Ɗana ya samu gurbin karatu a Malang. Hankalina bai kwanta ba a kan abinci. Ta yaya zai gane halal, kuma me zan haɗa masa?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 280, wajen kashi 87 cikin 100 Musulmi ne, kuma maganar halal a can doka ce, ba ganin dama ba. An yi dokar a 2014, hukumar BPJPH ta gwamnati ita ke ba da takarda, majalisar malamai ta MUI kuma ita ke yanke hukunci a kan kayan. Daga Oktoban 2024 ya zama dole ga manya da matsakaitan kamfanonin abinci na cikin gida. Tambarin da ake amfani da shi tun 2022 launin shunayya ne, mai tsini sama, a ƙasansa an rubuta Halal Indonesia. Masu saye ma ba sa wasa da shi: Mixue ɗin da na ambata a sama ya sha surutu har sai da aka tabbatar da halaccinsa a farkon 2023.

Ƙananan rumfuna da yawa ba su da tambarin, kuma wannan ba ya nufin haram suke sayarwa. Kalmomi kaɗan zai riƙe. Babi alade ne, wasu gidajen kuma B2 suke rubutawa a allo. B1 kare ne. Angciu giya ce ta girki da ake sa wa a wasu soye-soyen Sinawa. In ya je yawo Bali ko Manado, a nan ne zai buɗe ido sosai. A Malang, duk inda ya ga gidan abincin Padang, mai faranti jere a bayan gilashi kamar dala, ya shiga. Girkin Musulmin Minangkabau ne, a nan zai ci rendang, naman da aka dafa da madarar kwakwa har ya ƙafe. Ranar da aljihu ya yi sanyi sai warteg, inda mutum ke nuna abin da yake so da yatsa ta jikin gilashi, a zuba masa a kan shinkafa.

Abin da zai fi damunsa shinkafar ce. Safe, rana, dare. Su da kansu suna cewa wanda bai ci shinkafa ba bai ci abinci ba. Zai ga tahu ya yi murna, awara ce sak, da ɗan'uwanta tempe da ake yi da waken suya da aka bari ya kumbura. Ki haɗa masa kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji, a ɗaure da kyau, ya bayyana su ga kwastam in ya sauka. Kada ki wahalar da kanki da manja ko barkono, ƙasar da ta fi kowace fitar da man ja a duniya zai je.

Ki kuma ja masa kunne a kan GoFood da GrabFood. Danna waya a kawo abinci har ƙofar ɗaki abu ne mai daɗi, biya ma da waya ake yi ta lambar QRIS ko a wurin mai soya ayaba. Kuɗin da hannu bai ƙirga ba saurin tafiya yake.

Daga wani mai shayi a Kaduna: An ce Indomie ta can ta fi tamu daɗi. In sa a kawo mini kwalaye in riƙa sayarwa da tsada?

Malam, daɗi dai na baki ne, amma bambanci akwai shi. Indomie ta fito a Indonesiya a 1972, nau'in Mi Goreng da ya yi suna ya biyo a 1982, kuma a cikin ledarsa akwai mai, da miyar waken suya mai zaƙi, da barkono, da soyayyar albasa. Ana tsane ruwan ne a cakuɗa. Tamu kamfanin Dufil ke yi a nan gida, har da masana'anta a garinka, an kuma daidaita ta da bakinmu. Su can suna cin fakiti wajen biliyan 14 a shekara, ƙasar Sin kaɗai ke gabansu, har akwai rumfunan da ake kira warmindo, takwarorin teburinka.

Kwalayen kuwa a'a. Taliyar leda na cikin jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su, NAFDAC ma ta sake tunatar da haka a 2023. In ɗanɗanon kake so, nemi kecap manis, wato miyar waken suya mai zaƙin nan, a kantunan da ke sayar da kayan Asiya, ka soya albasa ta yi ƙamas, ka gwada wa abokan cinikinka na dare faranti biyu ka ga fuskarsu.

Daga wata ma'aikaciya a Yamai: Zan je taro Jakarta. An ce in sayo kopi luwak tsaraba.

Ƴar'uwa, ni dai ba zan saya ba. Gahawa ce da wata dabba dangin tunkun juda ke haɗiye ƴaƴanta ta kasayar, a wanke a soya. MUI ta halatta ta a 2010 da sharaɗin a wanke ƙwayar, don haka matsalar ba ta addini ba ce. Tsada ce, jabu ya yi yawa, kuma da yawa daga dabbobin a keji ake tsare su. Da kuɗin ƙaramin gwangwani ɗaya za ki samu leda uku ta Gayo daga Aceh ko Toraja daga Sulawesi. Ki sayi wadda ba a niƙa ba, ki duba ranar da aka soya ta a bayan leda, kada ta wuce wata ɗaya. Yara kuma ki cika musu jaka da alawar Kopiko, a kowane Indomaret akwai ta kusa da mai karɓar kuɗi.