Tambaya da amsa: kafin ki biya kuɗin akwatin wasanni 20,000

Assalamu alaikum jama'a. Satin nan kusan duk saƙonnin da suka shigo min a kan tsofaffin gem ne, ina ga tunda ƴan akwatunan nan na Sin suka cika kasuwa daga Garwa har Kusuri abun ya dawo ma mutane sabo. Na zaɓo guda huɗu, sauran ku yi haƙuri sai wani satin in Allah ya kai mu.

"Salam Malam. Ɗana ya ci jarabawar CEP ta gama firamare kuma na yi masa alkawarin gem. A babbar kasuwar Garwa na ga wani ɗan abu kaman kile na USB da ake soka wa a bayan tele, da manet biyu marasa waya, wato abun da ake riƙewa ana bugawa, a kwalin an rubuta wasanni 20,000, mai shago ya ce jaka 18. Akwai wani na jaka 12 mai wasanni 10,000. Wanne zan ɗauka? Ni ban san kan abun ba." Wata uwa, Garwa.

Hajiya barka da arziki, Allah ya yi wa yaro albarka ya sa mai jin ƙanki ne. Abu na farko dan Allah ki cire idonki daga lambar nan da ke jikin kwali, ita ce tarkon. Ko da wasanni 10,000 ɗin gaskiya ne, in yaron zai buga ɗaya kullum sai ya yi shekara 27 da ɗoriya bai gama ba, to me ƙarin 10,000 zai tsinana masa? Kuma ba gaskiya ba ne ma, wasa ɗaya za ki gani sau biyar sau shida, na Japan daban na Amurka daban na Turai daban, wani an canza wa ɗan mutumin launin riga kawai an ba shi sabon suna, wasu kuma rubutunsu duk Japananci ne yaro ba zai gane inda zai danna ba. Mu da muka taso da kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ake rubuta 9999 in 1 mun san zancen, kana ta gangarawa ƙasa kana murna ashe wasannin da ke shafin farko ne suke ta zagayowa.

Dabarar ma tsohuwa ce. A 1991 wani kamfani a Amurka mai suna Active Enterprises ya fitar da kaset ɗaya na injin Nintendo, Action 52, wasanni 52 a ciki, ya sa masa kuɗi dalar Amurka 199, wai ai in ka raba kowane wasa bai kai dala 4 ba. Iyaye suka ga araha suka saya. Yara suka kunna sai ga wasan da ke daskarewa a tsakiya, wani ka yi tsalle ɗan mutumin ya ƙi tashi, da yawansu kuma harbi ne a sararin sama iri ɗaya an canza suna. Har yau in masu buga gem suka zauna lissafin mafi munin abun da aka taɓa sayarwa sunansa yana fitowa a sahun gaba. Kuma wallahi akwai yiwuwar yana cikin dubunnan nan da ake miki talla, an ƙirga shi.

To ga yadda za ki yi. Ki je da yaron, ko da wani yayansa da ya san hannu, ki ce mai shago ya jona a tele a gabanki. A nemo Super Mario Bros na 1985, Tetris, Sonic na Sega, Street Fighter II, da wasan tankokin yaƙin nan Battle City da mutum biyu ke bugawa tare suna tsaron gaggafa. In waɗannan suna nan kuma suna gudu lafiya to kuɗinki sun fito. Ki sa yaron ya danna tsalle ki kalli tele, in akwai ɗan jinkiri tsakanin dannawa da tashin Mario kar ki ɗauka ko da an rage miki, manet ɗin ne ba kyau, kuma wannan jinkirin shi ke sa yaro ya yi ta faɗawa rami har ya tsani wasan ya jefar. A gwada manet ɗin duka biyun, kowane maɓalli. In na jaka 12 ya ci wannan gwajin shi za ki ɗauka, ragowar jaka 6 ki sayi batir masu caji da sabon katin memori mai kyau a kwafe miki komai a kai, don katin da ke zuwa a ciki yawanci mai arha ne, ranar da ya mutu akwatin ya zama hoto.

Sai abu ɗaya da ya fi damuna, Hajiya. Waɗanda suka zuba wasannin nan ba tacewa suka yi ba, kwasowa suka yi gaba ɗaya, kuma tun 1982 akwai wasannin batsa da aka yi wa injin Atari, ga na caca da na zubar da jini. Ki sa babba ya zauna ya tara wa yaron guda 20 ko 30 a wurin da ake ajiye waɗanda aka fi so, kuma tele ɗin ta kasance a falo inda ake wucewa. In kuma an nuna miki irin mai ƴar bindiga ta harbin agwagi, Duck Hunt, ki sani bindigar tsohon yayi da tele mai ƙeya kaɗai take aiki, a shafaffiyar tele ta yanzu ba za ta harbi komai ba.

"Yaya ina so in buɗe ɗan shagon gem a unguwarmu a Kusuri. Wani zai sayar min da PlayStation 1 guda biyu da Nintendo 64 ɗaya da buhun faifai da kaset, akwai Superman, Mortal Kombat kala uku, da sauransu, ya ce duk manyan sunaye ne. Ko in haƙura in sayi PS2 guda ɗaya tak?" Wani matashi, Kusuri.

Ƙanena Allah ya sa albarka a nema. Kalmar nan "manyan sunaye" ita ta tsayar da ni, don rabin wasannin da aka fi zagi a tarihi babban suna ne ya sayar da su. Superman na Nintendo 64 da ka ambata, wanda kamfanin Titus na Faransa ya fitar a 1999, yaro zai zo da ɗari ɗinsa yana tunanin zai ɗaga mota ya rushe gini, sai ya tarar an ce ya yi ta shawagi yana ratsa wasu zobba a sama kafin lokaci ya ƙare, ya kuskure kaɗan a maido shi farko, ga wani koren hazo ya rufe garin kaman ƙurar hunturu, wanda masu bugawa suka gane an sa shi ne don a ɓoye cewa injin ba ya iya zana nesa. Wannan yaron gobe ba zai dawo shagonka ba, kuma zai gaya wa abokansa.

Mortal Kombat ɗin ma ka duba da kyau. In ka ga an rubuta Mythologies Sub-Zero na 1997 ko Special Forces na 2000, ba irin dambe tsakanin mutum biyu da aka sani ba ne, mutum ɗaya ke bugawa yana tafiya, na Sub-Zero ɗin ma sai ka danna wani maɓalli daban kafin ya juya baya, kafin nan an gama da kai. Haka Shaq Fu na 1994, an ɗauko sunan ɗan ƙwallon kwando Shaquille O'Neal an liƙa a wasan faɗa, mutane suka saya don sunan suka yi ta da na sani. Wanda ya yi shi kuma kamfanin Delphine ne, su ma Faransawa, waɗanda suka yi Flashback mai kyau ƙwarai, ka ga ko gwani in aka ce ya yi gini a kan suna kawai ginin rushewa yake.

Ni shawarata ka bar buhun nan. Shago da wasan mutum biyu yake ci, wanda za a gama cikin minti goma wanda aka ci ya miƙa manet, ƴan kallo na ihu a baya. PS2 ɗaya da ƙwallon PES da Tekken da manet huɗu masu ƙwari, biyu a hannu biyu a ajiye, ya fi maka waɗancan ukun. Har yanzu akwai masu neman PES 6 na 2006 don kawai su ɗauki Eto'o. Amma ka gwada idon da ke karanta faifai kafin ka biya, ka sa faifai uku daban daban ka ga ko yana ɗauka da wuri, don ƙurar Kusuri da zafin watan Afirilu ba sa barin ido ya daɗe. Wanda aka sa wa wasanni a kile ya huta da matsalar ido sai dai ramin USB na PS2 tsohon samfuri ne mai nawa, za ka ga bidiyo na sarƙewa. Ka ware kuɗin abun daidaita wuta tun yanzu, dawowar kuran da ƙarfi ta kashe injina da yawa. In jari ya ɗan ƙaru ka haura PS3 ko PS4, can yaran suka karkata.

"Malam ni direban tirela ne, Ngawundare zuwa Njamena. Ina da tsohuwar laftof, wani yaro mai tura wasanni ya ce zai sa min Big Rigs, wai na tuƙin manyan motoci ne. Yana da kyau?" Wani direba.

Maigida Allah ya tsare hanya ya kai ku lafiya. Kar ka ba shi ko sisi. Big Rigs ya fito a 2003 ba a gama shi ba aka sa a kwali. Tsere ne wai, amma motar da kake tsere da ita a fitowar farko ko motsi ba ta yi, tana nan a layin farawa. Gini ratsa shi kake kaman iska, gada sai ka nutse ta ƙarƙashinta, dutse a miƙe ka hau shi ba canjin giya, in ka sa ribas kuma gudun ba shi da iyaka. Kai da ka san yadda ake lallaɓa mota da lodi a gangaren dutsen nan na fita Ngawundare zuwa Garwa, minti biyu za ka yi ranka ya ɓaci. Shafin Metacritic da ke tara makin masu sharhi 8 cikin 100 ya ba shi. Ka nemi Euro Truck Simulator 2 na kamfanin SCS na ƙasar Cek, 2012, akwai lodi akwai shan mai akwai gajiya da barci har da wahalar ribas da tirela. In laftof ɗin ta gaza ɗaukarsa, tsofaffin 18 Wheels of Steel na kamfanin ɗaya ne kuma ba su da nauyi.

"Yaya raba mana gardama a majalisarmu. Ni na ce Contra ne wasa mafi muni don ba a iya cinye shi, abokina ya ce ya gani a YouTube wai E.T. ne har binne shi aka yi. Wa ya yi gaskiya?" Wani ɗalibi, Marwa.

Ƙanena abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, kuma maganar binnewar ba tatsuniya ba ce. A 1982 kamfanin Atari ya sayi izinin yin wasa a kan fim ɗin E.T. da ke tashe a shekarar, suna son ya shiga kasuwa kafin Kirsimeti, sai suka ba mutum ɗaya, Howard Scott Warshaw, sati biyar da ƴan kwanaki ya haɗa shi, aikin da aka saba yi cikin watanni. Aka buga miliyoyin kaset. Yara suka kunna suka tarar ɗan halittar sai faɗawa rami yake, ka fito da ƙyar ka sake komawa, iyaye suka yi ta mayar wa masu shago. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe, Atari ya kwashi kayan da suka yi kwantai, E.T. da wasu wasannin da yawa, aka zuba a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico aka rufe. Shekara 30 ana musu ko an yi ko ba a yi ba, sai a watan Afirilun 2014 aka tona aka same su, har aka yi gwanjonsu.

Ni dai ina tausayin mutumin nan, don shi ne ya yi Yars' Revenge wanda yana cikin mafi kyau a injin, gaggawar masu kuɗi ce ta ja masa, kuma akwai masu bugawa da yawa da ke cewa in ka karanta takardar bayanin da ke cikin kwali E.T. bai kai munin da ake faɗa ba. In ni za a tambaya Big Rigs da Action 52 sun fi shi muni nesa ba kusa ba, don E.T. aƙalla an gama shi, ana iya kai shi ƙarshe.

Contra kuwa ka zalunce shi. Wuya gare shi, harsashi ɗaya ka mutu kuma rai uku aka ba ka, amma duk mutuwar da ka yi ka san kuskurenka ne, ka danna ya yi abun da ka ce, gobe ka wuce inda ka tsaya yau. Mugun wasa shi ne wanda ka danna daidai ya kashe ka duk da haka. Ka koma ka gwada na injin Nintendo, a allon farko kafin ka fara ka danna sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, sai Start, zai ba ka rai 30. In da abokin naka za ku buga ka danna Select kafin Start ku samu ku biyu, in kun kai ƙarshe ka rubuto min.