Na'urar GPS ta mota mai adana sawun hanya

Malam, ka tambaya wace na'urar GPS ta mota za ka saya wadda za ta riƙa adana sawun tafiyarka don zana taswira. Ni dai Garmin zan ce maka, domin tana ajiye sawun a fayil ɗin GPX, wato nau'in fayil na adana sawun GPS. Ka jona ta da kwamfuta, ka kwafo shi, ka ɗora kai tsaye a OpenStreetMap, wato taswirar intanet da kowa zai iya gyarawa.

Amma ka lura sosai: na'urorin mota da yawa sukan janyo sawunka su manna shi kan titin da ke cikin taswirarsu. In sabuwar hanya kake zanawa, hakan ɓata maka aiki zai yi. Ƙirar eTrex ta Garmin, wadda ta hannu ce ba ta mota ba, tana ba ka damar kashe wannan, kuma ka sa ta riƙa adana wurin da kake duk daƙiƙa ɗaya, lanƙwasa ta fito daidai.

In kuɗi sun yi ƙaranci, manhajar OsmAnd a waya ma tana yin aikin.