Amsa kan haɗa asid daga metanol da iskar CO2

Ƙanina, ka tambaya ko in ka busa iskar CO2 cikin metanol za ka samu asetik asid, wato asid ɗin binega, don fuloja ɗinka na digiri na biyu. Wallahi nima haka na zata lokacin da na fara, na kwashe sati ina busawa ban ga komai ba. Ita CO2 ragguwa ce, ba ta son motsi, in ma ta kama alkohol irin su metanol to ta wajen oksijin take kamawa ta ba ka kabonet mai saurin wargajewa, alhali kai so kake kabon ya manne da kabon, kuma cire OH ɗin nan, wato oksijin da haidrojin da ke manne da kabon na metanol, ba wasa ba ne.

Shi yasa sai da katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar ba tare da ya ƙare ba. A masana'antu ma ba CO2 ake sa wa ba, CO ce, wato kabon monoksaid, hanyar kamfanin Monsanto da ƙarfen rodiyam da ayodin, daga baya kamfanin BP suka kawo hanyar Cativa mai ƙarfen iridiyam a 1996. Masu CO2 dabara suka yi, suna ƙara haidrojin. Ƙungiyar Leitner a Aachen ta Jamus a 2013 sun nuna haidrojin na mayar da CO2 ta koma CO da ruwa a cikin tukunyar, sannan rodiyam ya ƙarasa aikin. Su Buxing Han a China kuma a 2016 suka samu asetik asid daga metanol da rutiniyam da rodiyam tare da litiyam ayodaid.

To a nan fa na sha wuya. Zafin na kai wajen digiri 200, ga matsi, ga ayodaid da ruwa suna cin ƙarfe, otokilab ɗin lab ɗinmu, wato tukunyar ƙarfe mai jure matsi, duk cikinsa ya yi rami-rami, oga ya kusa kora ta. In babu kofin Teflon, robar da sinadarai ba sa ci, a ciki kar ma ka fara. Rodiyam kuwa, hmm, tambayi kuɗinsa tukuna.

Ni dai da ni ne kai, aikin su Ruben Martin na Tarragona a Sifen zan bi, nikel da garin zinki, CO2 a matsi na yau da kullum ba sai da otokilab ba. Sai dai alkohol masu alil yake ci, wato masu ɗauri biyu tsakanin kabon da kabon a kusa da OH, ba metanol ba, kuma ɗan danshi ko iska na kashe katalis ɗin, don haka ka fara dubawa ko kuna da layin naitirojin mai aiki, wato bututun da ke kore iska da danshi, kafin ka rubuta furofozal.