Yaro mai sikila da haɗarin shanyewar ɓarin jiki

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ɗan shekara 6 yana da sikila. An yi masa gwajin TCD, sakamakon ya nuna 210, aka ce yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Shin dole sai an riƙa yi masa ƙarin jini duk wata?
Daga wata uwa a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Na'urar gwajin TCD da aka ɗora masa a gefen kai tana auna gudun jini ne a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan jijiya ta tsuke, sai jini ya ƙara gudu, kamar ruwa a tiyon da aka matse bakinsa. Ƙasa da 170 lafiya lau ne, daga 200 zuwa sama kuwa ba a jinkiri.

Ƙarin jini yana aiki ƙwarai. A binciken STOP da aka wallafa a Amurka a 1998, an raba yara 130 gida biyu: cikin waɗanda ake ƙara wa jini ɗaya ne kawai ya shanye, cikin sauran kuwa 11. Sai dai jinin yana tara sinadarin ƙarfe a hanta da zuciya, ga tsada, ga wahalar samunsa duk bayan mako uku ko huɗu.

Wannan ya sa likitocin Kano da Kaduna suka gwada maganin haidroksiyuriya a kan yara 220 masu irin sakamakon ɗanki, a binciken SPRING da ya fito a 2022. Rabi sun sha miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin jiki kullum, rabi miligiram 20. Uku suka samu shanyewar ɓarin jiki a rukunin farko, biyar a na biyu, tazarar da ba ta kai a ce wani ya fi wani ba. Amma masu shan 20 ba su yawaita kwanciya asibiti kamar na farkon ba. Don haka inda jini bai samuwa a kai a kai, maganin madogara ce mai hujja.

Likita ne zai ƙayyade adadin bayan ya auna nauyinsa, kuma a riƙa gwajin jini, domin maganin kan rage fararen ƙwayoyin jini. Inda aka fi samun matsala shi ne a daina ba yaro da zarar an ga ya murmure. Don Allah kada ki yi haka.

Ranar da kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko maganarsa ta sarƙe, ki wuce asibiti nan take ko da abin ya lafa. A wannan halin jini yake buƙata cikin gaggawa.