Katafila ko tifa: ina kuɗin yake a manyan ayyukan gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Duk sanda na bi hanyar Kazaure zuwa Daura sai in ga manyan injina suna ta aikin layin dogo, ga kuma gadoji da tituna ana ta yi a cikin gari. Na tara ɗan abin da Allah ya hore, ina tunanin in sayi katafila in riƙa ba da haya. Da gaske akwai kasuwa a harkar nan, ko kallon kitse nake wa rogo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kasuwa kam akwai ta, sai dai ba a inda idonka ya sauka take ba.

Aikin da kake gani shi ne layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Ba shi kaɗai ba ne. Ga layin dogon Kano zuwa Kaduna a hannun kamfanin CCECC na ƙasar Sin, ga bututun iskar gas na AKK mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2020, ga hanyar Abuja zuwa Kano, ga kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, wadda ta haura kilomita dubu, da aka soma daga Illela a 2024. Tun 2017 gwamnatin tarayya take sayar da takardun sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, don gina hanyoyi, na farkon ma naira biliyan 100 ne. Bayan cire tallafin mai a 2023 kason da jihohi ke samu ya ƙaru, shi ya sa kake ganin gwamnoni na rige-rigen gadojin sama da titunan unguwanni.

To amma fa manyan kamfanonin nan da kayansu suke zuwa. Sababbi suke shigowa da su ta ruwa, da makanikansu da rumbun kayan gyaransu. Ba za su tsaya jiran katafilarka guda ɗaya ba. Wanda zai neme ka shi ne ƙaramin ɗan kwangilar da aka yanka wa wani ɓangare na aikin: share daji, cikon marmara, haƙa magudanar ruwa, kwalbati. Sai ɗan kwangilar jiha ko ƙaramar hukuma da ya ci aikin titi kilomita biyu alhali ko baro ba shi da shi. Sai masu fasa dutse, masu yanka filaye, masu haƙa madatsar ruwa a gona. Waɗannan su ne kasuwarka, kuma suna da yawa.

Yanzu batun injin. Mu nan kowane ƙaton inji mai ruwan ɗorawa katafila muke ce masa, amma aikinsu ya sha bamban, haka ma cinikinsu. Buldoza, wadda ita nake zaton kake nufi, a farkon aiki ake buƙatarta. Ta ture itatuwa, ta baje ƙasa, sai a sallame ta. Ga shan man gas, ga tsadar sarƙar ƙafarta idan ta cinye. Gireda kuwa, mai daidaita saman hanya, sai da hannu, ba kowane direba ne ya iya fitar da hanya da ita ba, kuma in ba a aikin titi ba, ba ta da wata rana. A ganina, ga wanda zai fara da inji ɗaya, babu kamar eskabeta, wato mai dogon hannun nan da ke haƙa, musamman mai nauyin tan ashirin irin su CAT 320 da takwarorinta. Yau tana haƙa lambatu, gobe tana loda wa tifa marmara, jibi tana rushe tsohon gini. Idan aka ɗaura mata guduma ma dutse take fasawa. Ko aikin gwamnati ya tsaya ba ta rasa mai ɗauka.

Idan jarin bai kai nan ba, tifa ba abin rainawa ba ce. Tun zuwan ministan ayyuka David Umahi a 2023 ake matsa wa 'yan kwangila su koma titin kankare maimakon kwalta, kuma kankare ba ya ƙoshi da tsakuwa da yashi da siminti. Kowane kilomita sawu ne bisa sawu. Tifar Howo mai taya goma ta cika ko'ina, kayan gyaranta na nan birjik a Ƙofar Ruwa, kuma kusan kowane bakanike ya san cikinta. Illarta ita ce kowa ya gano haka, don haka gasa ta yi yawa, ribar kuma tana zubewa a taya da mai.

Sabo ko na hannu? A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta wuce 1,500, kuma duk waɗannan injina da dala ake sayo su. Wannan ne ya ƙara buɗe wa kamfanonin Sin irin su Sany da XCMG da SDLG ƙofa, domin sabon nasu ya fi na Caterpillar, da Mantrac ke dillancinsa a Najeriya, sauƙi sosai. Sai dai ranar da za ka sayar, tsohuwar Caterpillar ta fi riƙe daraja. Ni abin da nake fara tambaya ba sunan kamfani ba ne: idan famfon haidurolik ya mutu ranar Talata a Kazaure, yaushe za a samu wani? Injin da sai an jira jirgin ruwa kafin a gyara shi, gara babu.

In na hannu za ka saya, ka tafi da bakaniken da kai ka biya, ba wanda mai kaya ya kawo ba. Ku je da sassafe kafin a ɗuma injin. Ka dafa shi da tafin hannunka, in ka ji ɗumi ka san an riga ku tayarwa don a ɓoye wahalar tashinsa. A kunna a gabanka ka dubi hayaƙin: mai shuɗi-shuɗi yana nufin injin na cin baƙin mai. In eskabeta ce, a ɗaga hannun sama a kashe, ku tsaya kuna hira minti goma. In ka ga bokitin yana sulalowa ƙasa a hankali, akwai yoyo a ciki. Agogon awa kuwa kada ka yarda da shi, ana juya shi kamar yadda ake juya na mota. Sabon fenti ma ba shaida ba ne. Sannan takardun kwastan su zama cikakku.

Akwai abu biyu da ke karya masu wannan sana'a, kuma ba lalacewar inji ba ce. Na farko zaman banza. Daga Yuni zuwa Satumba aikin ƙasa yana ja baya saboda damina, amma albashin direba da mai gadi ba ya tsayawa. Kada ka yi lissafi da kwana talatin a wata. Na biyu bashi. Gwamnati ta jinkirta wa babban kamfani, shi ya jinkirta wa ƙarami, ƙaramin ya ce maka "Alhaji a yi haƙuri, takarda na ofis." Na taɓa kula da wata gireda da muka ba wani kamfani, wata huɗu tana aiki, kuɗin wata ɗaya muka gani. Da muka je ɗaukowa ciyawa ta fito a ƙarƙashinta, batura biyu sun yi ƙafa. Tun daga ranar, haya ta kwana ce, awa takwas, kuɗin mako a hannu kafin inji ya motsa, man gas da kuɗin lobed, wato babbar motar ɗaukar inji, da zai kai ya dawo da shi duk a wuyan mai haya, kuma a rubuce.

Direba shi ne rabin jarinka. Nagari yana duba mai da ruwa da girisi kowace safiya ba sai an ce masa ba. Mugu kuwa ya zuƙe gas da daddare, ya yi aikin wani da injinka da rana. Ka sa na'urar bibiya, ka yi inshora, kuma ka san inda za a kai kayanka. Haƙar ma'adinai tana biya da tsoka, amma in wurin ba shi da lasisi, injin ake fara kamawa kafin a nemi mai shi.

Kada kuma ka kwashe jarin hatsinka kaf ka zuba. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da tsarin ijara (su saya su ba ka haya) da murabaha (su saya su sayar maka da ribar da aka amince), kana iya zuwa ka ji sharuɗɗansu. Kafin nan, ga abin da zan so ka yi a wannan rani: ka samu mai eskabeta ko tifa da ka yarda da amanarsa, ku yi yarjejeniya ka riƙa nemo masa aiki kana karɓar la'ada. Ka buɗe littafi, ka rubuta kwana nawa injin ya yi aiki, kwana nawa ya kwanta, nawa aka kashe a gyara, wa ya biya a kan lokaci, wa ya sa aka yi ta sintiri. In damina ta faɗi ka kawo littafin mu duba tare.