Alkafura da karatun yara: amsoshin likita

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon sun taru a kan yaran nan da ke haɗuwa bayan la'asar a kan rairayi suna alkafura da adungure da tafiya da hannu, wasan da a gasar duniya ake kira jimnastik. Na zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 11, yana aji biyar. Tun bara ya shiga cikin masu alkafura a rairayin bayan gari. Da na huɗu yake zuwa a aji, wannan zangon ya zo na 15. Na yi niyyar hana shi gaba ɗaya. Ko na yi daidai? Daga wani uba, ƙaramar hukumar Ringim.

Amsa: Malam, Allah ya raya mana shi. Ina roƙonka ka dakata da hanin tukuna, don ina zargin ba alkafurar ce ta ja shi baya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 a kullum, kuma aƙalla kwana uku a mako ya yi irin wanda ke ƙarfafa ƙashi da tsoka. Tsalle da dira da ɗaukar nauyin jiki a kan hannu duk suna cikin wannan. Binciken da aka yi a makarantu ya nuna yaro ya fi tattara hankalinsa bayan ya motsa jiki, kuma amfanin ya fi fitowa a lissafi. Amfanin matsakaici ne, ba zan ce maka alkafura za ta mayar da shi na ɗaya ba, amma ba ta cinye ƙwaƙwalwa.

Ka yi mako guda kana lura da yininsa. Yaron ƙauye yana tashi da asuba, ya yi karatun allo, ya ɗebo ruwa, ya tafi boko, ya dawo Islamiyya ko kiwo, sannan wasa har magariba. In bayan wannan ya wuce gidan kallo sai sha ɗaya na dare, to ga ɓarawon nan. Mai shekarunsa yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Ka kuma duba ko yana karyawa kafin ya fita, ko da ɗumame ne ko koko da ƙosai, domin yaron da ya ƙone ƙarfinsa jiya da yamma ya shiga aji da yunwa, gyangyaɗi zai yi. Sannan tunda kuna kusa da Kogin Haɗeja, ka tambaye shi a keɓe ko yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Tsargiya da tsutsar ciki suna rage jini a hankali, yaro ya zama kullum a gajiye, kuma maganinsu yana da sauƙi a asibiti. Na sha ganin yaron da ake yi wa faɗan rashin maida hankali, ashe allo ne ba ya gani sosai daga bayan aji.

In duk waɗannan lafiya lau ne, ku yi yarjejeniya da shi: aikin gida na makaranta tukuna, sannan awa ɗaya a rairayi, ya dawo kafin kiran magariba. Yaron da ya san wasansa yana rataye da littafinsa ya fi saurin buɗe littafin. In ka hana shi ƙarfi da yaji, zai koma yi a ɓoye inda babu babba, kuma can ne ake karyewa.

Tambaya: Kakar yarona ta ce mai yawan alkafura tsumburewa yake yi, ga shi kuma duk masu yi a talabijin gajeru ne. Gaskiya ne? Daga wata uwa, Ɗambatta.

Amsa: Hajiya, a gaishe min da Iya. Idonta ya gani daidai, dalilin ne daban. Simone Biles ta Amurka, wadda ta fi kowa lambobin yabo a wannan wasa, tsayinta santimita 142 ne kacal. Gajeren jiki ya fi saurin juyawa a sama, shi ya sa gajeru ke kaiwa ƙoli a nan, kamar yadda dogaye ke cika filin ƙwallon kwando. Tsayin yaro yana bin gadon iyaye da abinci da lafiya. Abin da ke tsumburar da yaranmu shi ne ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo tun suna ƙanana. Ki riƙe masa wake da gyaɗa da nono da zogale, da ƙwai ko kifi in an samu.

Sai dai tsoron Iya yana da gindi ta wani gefen. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi mai taushi, daga nan ƙashin ke ƙara tsawo, kuma na wuyan hannu shi ke shan nauyi duk lokacin da ya dafa ƙasa ya juya. Horo mai tsanani yana iya lahanta shi. Nadia Comaneci ta Romaniya shekararta 14 lokacin da ta sami cikakken maki 10 a gasar Olamfik ta 1976, amma tun 1997 aka ɗaga shekarun shiga gasar manya ta mata zuwa 16, saboda a kare yara. Don haka in ya yi mako biyu yana kukan wuyan hannu, ko ƙugunsa yana ciwo in ya lanƙwasa baya, ya huta, a kai shi a yi hoton ƙashi.

Tambaya: Ni malamin firamare ne. Ba mu da kayan wasa ko ɗaya, kuma lokacin darasin motsa jiki sau da yawa shara ake sa yara. Me zan iya yi, musamman ga 'yan mata? Daga Gwaram.

Amsa: Malam, wasiƙarka ta faranta min rai. Rairayi mai kauri da aka tsince ƙaya da kwalba da duwatsu ya ishe ka. Ka fara da ɗumama jiki na minti biyar, sannan adungure, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tafiya a kan layin da ka ja a ƙasa, tsallen igiya, da langa wadda yara suka riga suka iya. A bazara ka yi da sassafe, a hunturu ka kula da masu asma saboda ƙura.

Abin da ya fi burge ni a wannan wasa shi ne tarbiyyarsa. Babu yaron da ke iya tsayuwa da hannu ranar farko. Zai faɗi sau talatin a gaban abokansa, ya kakkaɓe ya sake, ya jira layinsa ya zo, ya riƙe ƙafar ɗan'uwansa kada ya faɗi. Yaron da ya saba da haka ba ya jin tsoron fita allo ya yi kuskure. Ka sa ido a kan wanda ba ya ƙoƙari a aji amma ya fi kowa a rairayi, ka ba shi jagorancin rukuni, ka yaba masa a gaban 'yan'uwansa. Wataƙila ranar ce ta farko da aka kira sunansa da alheri a makaranta.

'Yan mata kuwa ƙashinsu yana bukatar tsalle kamar na maza, musamman a shekarun da ke gab da balaga, lokacin da jiki ke tara ƙarfin ƙashin da za su rayu da shi. A keɓe musu wuri, malama ta kula da su, su sa dogon wando a ƙarƙashin riga. 'Yar gala-gala da tsallen igiya sun riga sun zama nasu, kuma in ka sanar da iyaye tun da wuri, da wuya su ƙi.

Abu ɗaya ka hana kai tsaye: alkafurar baya da tsalle daga kan tsohuwar taya, sai da ƙwararren mai horarwa. In yaro ya faɗi a kan wuya ya ce hannu ko ƙafarsa sun mutu, kada a ja shi, kada a zaunar da shi. Mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki, a ɗora shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, sai asibiti.

Tambaya: Ƙanena mai sikila ne, yana kuka in an hana shi bin abokansa. Daga wata ɗaliba, Gumel.

Amsa: 'Yata, kada a killace shi. Ya yi wasa mai sauƙi da sanyin yamma, ya sha ruwa kafin ya fara da lokacin da yake yi, ya tsaya da zarar ya gaji. Tsananin gajiya da ƙishirwa da zafi ko sanyi mai yawa su ne ke tayar da ciwon. Tsalle mai dira da ƙarfi kuwa ku bari sai likitansa ya duba ƙugunsa, domin sikila takan taɓa kan ƙashin cinya.

Tambaya: Jiya ɗana ya faɗo daga alkafura ya karye a gwiwar hannu. An yi masa ɗori a gida, yau yatsunsa sun kumbura sun yi sanyi, ya kwana yana kuka. Daga wani uba, Sumaila.

Amsa: Malam, wannan ba ta jira, shi ya sa na amsa maka tun ranar da saƙon ya iso, nake kuma maimaitawa a nan saboda wasu. Karayar da ke saman gwiwar hannun yaro tana kusa da babbar jijiyar jini, kuma ɗauri mai tsauri a kan hannun da ke kumbura yana toshe jinin. Cikin awoyi kaɗan tsoka tana iya mutuwa, hannun ya ƙanƙance har abada, wani lokaci sai an yanke. Yatsu masu sanyi ko sun canza launi, da ciwon da ke ƙaruwa in an miƙe su, alamar haɗari ce. A sassauta ɗaurin nan take, a tallafe hannun da zane ba tare da an murɗa shi ba, kada a ba shi abinci don wataƙila a yi masa aiki, ku tafi babban asibiti mafi kusa a wannan awar. In sun tura ku Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ku wuce a ranar, kada ku koma gida ku kwana.